Kada Mu Bar Kwamfuta Ta Zaɓar Mana Hanyar Bincike

A shekarar 1904 wani masanin halayyar ɗan Adam a ƙasar Ingila, Charles Spearman, ya tsaya a kan wani abu da kowane malamin makaranta ya daɗe da sani, wato yaron da ya yi fice a darasin harshe yawanci yakan taɓuka a lissafi ma. Sai ya tattara makin ɗalibai, ya auna yadda darussa ke hawa da sauka tare, ya yanke cewa akwai ɓoyayyen dalili guda ɗaya a ƙarƙashinsu duka. Daga nan ne aka samo dabarar da za mu kira nazarin ɓoyayyun dalilai, wadda masu binciken zamantakewa ke amfani da ita don gano abubuwa kaɗan da ke ƙunshe a cikin amsoshin tambayoyi masu yawa.

To, amma a 1938 L. L. Thurstone na Jami'ar Shikago a Amurka ya ba ɗalibai gwaje-gwaje 56, ya bi wata hanyar lissafi daban, sai ga shi ya fito da jerin baiwa iri-iri, kamar fahimtar kalmomi, da sarrafa lambobi, da ƙarfin hadda. Mai karatu ya lura: tambayar iri ɗaya ce, amma hanyar da kowa ya zaɓa ta yi tasiri a kan amsar da ya samu. Ra'ayina ke nan a taƙaice. Zaɓen hanya aikin mai bincike ne, kuma abin takaici da yawa daga cikinmu mun sallama wa kwamfuta wannan aiki.

A ce wata malama ta rubuta tambayoyi 30 don gano abin da ke sa ɗalibai tsoron lissafi. Abu na farko da za ta yanke shi ne: dalilai nawa ne? Manhajar SPSS, idan ba a taɓa komai ba, tana bin ƙa'idar da Henry Kaiser ya yaɗa a 1960. Kowane dalili yana da nauyi, wato gwargwadon bambancin amsoshi da yake iya bayyanawa, kuma ƙa'idar ta ce a riƙe duk wanda nauyinsa ya haura 1, tun da tambaya guda ma nauyinta 1 ne. Maganar tana da daɗin ji. Sai dai akwai rami a gabanta. Jimillar nauye-nauyen daidai take da yawan tambayoyin, saboda haka matsakaicinsu 1 ne cif. Ko da malamar ta cika takardunta da lambobin da aka jefo haka kawai, ba ma'ana ba tsari, dole wasu su ɗan haura 1, wasu su ɗan gaza. Kwamfuta za ta ba ta dalilai, ita kuma ta zauna tana raɗa wa iska suna.

Maganin wannan ya tsufa. A 1965 John Horn ya kawo shawara mai sauƙi: a ƙirƙiri lambobin banza masu yawa daidai da na binciken, a fitar da nauyinsu, sa'an nan a riƙe dalilin da ya rinjayi takwaransa na banza kaɗai. A 1966 kuma Raymond Cattell ya ce a zana nauye-nauyen daga babba zuwa ƙarami, a duba inda layin ya daina gangarowa ya kwanta. Ya kwatanta abin da tsakuwar da ke taruwa a gindin dutse. Dutsen ake so, ba tsakuwar ba. Hanyar Cattell tana dogara da idon mai duba, kuma mutum biyu na iya saɓawa, shi ya sa na fi amincewa da ta Horn. A da ana iya kawo uzurin wahalar lissafi. Yau manhajojin kyauta irin su R da jamovi suna yin gwajin cikin ƙiftawar ido.

Sai batun juya dalilai don su fito fili. Juyin Varimax, wanda shi ma Kaiser ya fitar a 1958, yana tilasta wa dalilai su zama ba ruwan wani da wani. Ina malamin da zai yarda cewa tsoron jarrabawa ba shi da alaƙa da rashin yarda da kai? Halayen mutum a sarƙe suke. Juyin da ke barin dalilai su jingina da juna, kamar Oblimin ko Promax, ba ya cutarwa: in babu dangantaka zai nuna babu, in akwai zai faɗi girmanta.

Akwai kuma bambanci tsakanin taƙaita amsoshi kawai, wanda shi ne abin da SPSS ke farawa da shi, da ainihin neman dalilin da tambayoyi suka yi tarayya a kai bayan an ware kuskuren awo. Wanda ke neman ɓoyayyar ɗabi'a, na biyun yake bukata. A 1999 Leandre Fabrigar da abokan aikinsa sun bi bincike-binciken da aka buga a manyan mujallu biyu na ilimin halayyar ɗan Adam, suka tarar waɗannan gajerun hanyoyi sun yawaita ko a can. Ashe cutar ba ta ɗalibai ce kaɗai ba.

Wani zai ce, ai ɗalibin da ke fama da kundin kammala digiri ba shi da lokacin wannan. Na ji, amma a dubi abin da ke biyo baya. Idan malamarmu ta sami dalilai 8 alhali 3 ne na gaskiya, shugaban makaranta zai raba ɗan kuɗin da ke hannunsa yana yaƙar abubuwa 5 da babu su, yara kuwa su ci gaba da gudun ajin lissafi. Abin da nake roƙon masu duba kundi shi ne su riƙa neman sakin layi guda a kowane rahoto, inda ɗalibi zai faɗi yadda ya ƙayyade yawan dalilai, da juyin da ya yi amfani da shi, da hujjarsa a kan kowanne.