Birki ba ya tsinkewa rana ɗaya

Yau maganar moto na zo da ita, kuma da kaina zan fara, don kada wani ya ce ɗan rediyo ya zauna cikin sanyi yana koya wa masu neman abinci aikinsu.

Wata ranar kasuwar Cadawa na hau kabu-kabu daga tasha zan je ɗaukar hira a wani ƙauye kan hanyar Mayahi. Ni ina baya, ga buhun aya an ɗaure a bayana. Ba mu yi nisa ba sai amalanken jaki ya fito daga wani lungu. Yaron da ke tuƙi ya taka birki, ƙarfen ya tafi har ƙasa, moto bai ko rage gudu ba. Ya sa ƙafafunsa yana jan ƙasa, muka daki gefen amalanken. Ni gwiwar hannu ce ta goge, shi kuwa ƙafarsa ta karye, wata biyu bai hau moto ba, ga mata da ɗiya biyu. Da mutane suka taru, kowa abu guda yake faɗi: birki ne ya tsinke, Allah ya tsare gaba.

Na ce amin. Amma da muka kai moton wurin bakanike na tsaya ya kwance ƙafar baya a gabana. Fatar da ke jikin plaket ta cinye sarai, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe. Notin da ake ɗaure birki da shi ya kai ƙarshen sandarsa, ba sauran wurin ƙarawa. Birkin gaba kuwa ko waya babu, hannun kawai ke lilo. Bakaniken ya dube ni ya ce: "Malam, wanga birki ya fi wata yana kuka, ba a ji shi ba ne." Tun daga ranar na daina yarda da kalmar nan ta "ya tsinke".

Bayan haka na buɗe layi a shirina na safe, na ce duk wanda birki ya taɓa ba shi kunya ya kira. Daga Agye aka kira, daga Gazawa, har daga Gidan Rumji. Da ka tambayi mutum ko akwai alamar da ya gani kafin ranar, sai ya yi shiru, sannan ya ce e to, yana ƙara, ko sai an taka sau biyu, ko kuma tun damina yake kamawa yana saki. Kusan kowa ya san birkinsa ba lafiya, ranar gyara ce ake ta ɗagawa.

Wani mai saurare ya ce laifin motocin da ake kawo mana ne masu araha, da na Turawa ne da ba haka ba. To bari in ba shi labari. Daga 2001 zuwa 2006 kamfanin BMW na Jamus ya sa wa manyan motocinsa masu ƙafa biyu, irin su R1150 da K1200, wani birki mai suna Integral ABS. A cikinsa akwai servo, wato ƙaramin famfo mai aiki da lantarki: kai ka ɗan matsa hannu, shi kuma ya ƙara ƙarfin matsewa ninki-ninki. Idan yana aiki, da yatsa biyu za ka tsayar da ƙaton moto. Amma idan famfon ya tsaya, saboda lantarki ya yi rauni ko wani abu ya lalace a ciki, abin da ya rage ɗan birki ne kaɗan, sai ka matse da iya ƙarfinka, moto kuma ya ci gaba da tafiya fiye da yadda ka saba. Masu motocin suka yi ta kuka, jaridun Jamus suka ɗauki maganar a 2005, a 2006 kuma kamfanin ya fito da sabon tsari wanda babu servo a cikinsa. Har yau akwai masu tsofaffin motocin nan da ke zuwa a cire musu famfon gaba ɗaya a mayar da birki irin na kowa, saboda sabon famfon tsada gare shi.

Darasi biyu na gani a nan. Na farko, tsadar moto ba ta hana birki lalacewa. Na biyu, can da abin ya faru mutane ba su ce ƙaddara suka yi shiru ba, sun bi sawun dalili har aka canza abin. Mu kuwa namu birkin ba ya da kwamfuta ko famfo. Yawancin motocin da ke kai-komo tsakanin Cadawa da Maraɗi, birkin baya sanda ce da ke jan wani ɗan hannu, hannun ya juya, ya buɗe plaket biyu su matse cikin tambur. Na gaba kuma waya ce ke yin wannan aiki. Duk abin da zai lalace a ciki, ido na iya ganinsa, hannu na iya taɓa shi, bakanike na bakin hanya na iya gyara shi kafin shayi ya huce.

Ga yadda yake mutuwa. Yashinmu na shiga tambur yana cin fatar plaket. Fata na raguwa, birki na yin nisa, sai mai moto ya ƙara ɗaure noti. Wannan daidai ne sau ɗaya, sau biyu. Amma noti ba ya mayar da fatar da ta ƙare. In ka ci gaba da ɗaurewa, ranar da za ka taka da ƙarfi ko dai ka ji wayam, ko kuma ɗan hannun ya wuce iyakarsa ya maƙale, taya ta kulle, ku zube. Ga masu shafa baƙin mai a sarƙa har ya malala: mai in ya taɓa plaket, birki ya zama santsi. Da damina in ka ratsa ruwa, tambur ya jiƙe, birki ba ya kamawa sai ka ɗan taka shi a hankali ya bushe. Masu sababbin motoci da birkin gabansu ke aiki da ruwa, su sani ruwan nan yana shan laima, shi ya sa ake canza shi kamar duk shekara biyu, kuma wanda aka rubuta a murfin za a zuba, DOT 3 ko DOT 4. Wanda ya zuba man inji a wurin ya kashe robobin ciki da hannunsa.

Sai babbar magana, birkin gaba. Ku tsaya a kowace tasha ku ƙirga motocin da aka cire wa wayar gaba ko aka sassauta ta da gangan. Dalilin da ake bayarwa shi ne wai yana kayar da mutum. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba zan musa ba: a cikin yashi, ko a kan kwana, in ka damƙe na gaba farat ɗaya, taya za ta zame. Amma a kan kwalta, lokacin da kake tsayawa nauyin moto da na mutanen da ke kai gaba yake komawa, don haka tayar gaba ce ke da riƙo, ita ke yin mafi yawan aikin tsayawa, kusan kashi 70 cikin 100 a yadda ake koyarwa a makarantun tuƙi. Wanda ya cire birkin gaba ya yar da fiye da rabin birkinsa, sannan ya hau RN1 inda manyan motoci ke wucewa dare da rana. Maganin faɗuwa shi ne a koyi matsa shi sannu-sannu tare da na baya, a fili, kafin ranar buƙata.

Mu yi ɗan lissafi irin na lakwal. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya ga yaro ya ƙetaro, ƙafa ta kai ga birki, wannan mita 17 ta tafi. Kuma in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake ninkuwa. Ɗora buhu biyu na aya ko na gero da fasinja, ka ga abin da kake nema daga plaket biyu da ba su wuce tafin hannu ba.

Na san abin da ƴan kabu-kabu za su ce, kuma ina jin su. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, man da ake saye a bakin hanya ya daina zama mai araha. Iyaka kuma ta yi watanni a rufe daga baya, kayan gyaran da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa suka yi wuya. Wani ma moton ba nasa ba ne, kowace yamma sai ya kai wa mai shi kuɗi. Mutumin da ke wannan hali, in ka ce ya saya plaket yau, cefanen gida ka taɓa. Amma yaron da ya ɗauke ni, abin da aka kashe a ɗori da magani da wata biyu na zaman gida ya saya masa plaket na shekaru. Kuma masu ba da moto haya, ku ma da ku nake: birki na cikin kayanku, bai kamata ku bar wa yaro shi kaɗai ba.

A wasu ƙasashe doka ce ta shiga maganar. A Indiya, inda ake ƙera da yawa daga cikin motocin da muke hawa, tun watan Afrilu na 2019 duk sabon moto da ya wuce 125cc dole ya zo da ABS mai hana taya kullewa, ƙananan kuma aƙalla da birkin da ke haɗa gaba da baya. Mu ba mu kai nan ba tukuna, amma akwai abin da ke hannunmu. Shugabannin tashoshin kabu-kabu su sa doka tsakaninsu: moton da ba ya da birki biyu masu aiki ba zai shiga layi ba. Minti ɗaya ya isa a tura moto a gwada. Bakanikai su daina ɗaure noti su karɓi ɗari su yi shiru, su buɗe tambur su nuna wa mai shi abin da ke ciki. Masu saida kayan gyara su faɗa wa mutum gaskiya, wannan mai kyau ne, wannan na jabu ne, ya zaɓa da saninsa. Jami'an da ke tsare hanya, idan sun duba takardu, roƙona su taɓa hannun birki su ma. Hukumar ANISER da magadan gari kuma su kawo mana koyarwa a aikace ranar kasuwa, da Hausa, a fili, da moto a gaban mutane.

Ke kuma uwar gida da ke hawa da goyo, da kai dattijo mai zuwa asibiti, kuna da haƙƙin ku kalli hannun dama na moto kafin ku hau. In waya ba ta nan, ku ce masa ya yi haƙuri, ku jira na gaba. Ranar da fasinja biyar suka ƙi mutum saboda birki, da kansa zai nemi bakanike.

Yaron nan ya warke, ya koma aiki. Kwanan baya na gan shi a tasha, ya kira ni ya matsa hannun birkin gaba yana dariya, ya ce in duba, sabuwar waya ce. Ku ma ku duba naku yau kafin ku tada inji. Allah ya kai kowa gidansa lafiya.