Wa Ya Ce Kuka Rashin Bangaskiya Ne?

Ƴan'uwa, na gaji da wa'azin "share hawayenka". Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 aka cinna wa majami'un Damagaram wuta, aka rasa rayuka, saboda zanen wata jaridar Faransa da yawancinmu ko ganinta ba mu taɓa yi ba. Har yau in mutum ya tuna, idonsa ya ciko, sai wani ya dafa kafaɗarsa: haba, ina bangaskiyarka? Kwanan baya ma na ji wani mai wa'azi na cewa wai mai bi ba ya kuka. To wane Littafi Mai Tsarki yake karantawa?

A buɗe Irmiya 9. Annabi ne guda yake fatan kansa ya zama ruwa, idonsa ya zama maɓuɓɓuga, don ya kwana ya wuni yana kukan mutanensa da aka kashe. Littafin Makoki kuwa, sura biyar cur, kukan Urushalima ne bayan Babila ta rushe ta. Yesu da kansa ya hango birnin ya fashe da kuka, duba Luka 19. Abokanmu Musulmi ma sun san Annabi Yaƙuba ya yi baƙin cikin Yusufu har idanunsa suka yi fari.

Amma ga inda abin yake cizo, har da mu. Su wa Irmiya yake yi wa kuka? Ai mutanen da suka doke shi, suka jefa shi rijiya ya nutse cikin laka. Bai ware nasa ya bar saura ba. Ke nan in za mu yi kuka irin nasa, ba bango da bencin da suka ƙone kaɗai za mu tuna ba. Yaran da aka zuga suka ɗauko fetur fa? Da yawa ba lakkol, ba sana'a, sai zaman fada. Su ma ƴaƴan garin nan ne, kuma wani babba ne ya aike su, ya koma gida ya yi barcinsa.

Irin waɗannan manya Irmiya ya tona a sura 6: annabawa da firistocin da ke shafa wa gyambo mai, suna ce wa jama'a lafiya lau. Shi ya sa nake zargin mai hana kuka. Ya san bayan hawaye tambaya ce ke biyowa: wa ya yi, wa ya yi shiru?

Ran Lahadi, in ya sake cewa mai bi ba ya kuka, a miƙa masa Makoki 2, a ce ya karanta da ƙarfi har aya ta ƙarshe.