Kirinjijiya A Fadamar Bakolori

Ranar Alhamis da la'asar sakaliya muka fita tattaki bayan garin Talatar Mafara, muka bi gefen magudanar ruwan da ta taso daga madatsar Bakolori. Can cikin shinkafa sai ga garken kirinjijiya suna ta fito. Tsakaninsu akwai waɗansu ƙananan agwagi 'yan ci-rani, masu ƙetaro Sahara daga ƙasashen Turai da hunturu. Muka daɗe muna kallo.

Tun da aka gama madatsar nan cikin 1978, ruwa ya zauna rani da damina daga Maradun har Bakura, tsuntsaye suka sami mazauni. Manomi kuwa ya sami abokin ci a gonarsa, ba mu musa ba.

Amma da muka matsa gaba, sai muka tarar da guda uku kwance, ba rauni ko ɗaya, ga tsaba nan an cuɗa da maganin ƙwari. Jama'a, abin da guba ta kashe mushe ne, ko da an sa masa wuƙa daga baya. Masu sayen agwagin daji figaggu a kasuwa, ku riƙa tambayar yadda aka kama su. Malaman gona kuma su leƙa wajen, domin ruwan nan shi yara ke ɗiba a ƙasa kaɗan.