Sunan Dutse Ba Abin Wasa Ba Ne

Duk shekara in an zo darasin rarrabe duwatsu, sai a ji 'yan'uwanmu ɗalibai na gunaguni, wai haddar sunayen Turawa ce kurum. Mu ma mun yi wannan gunaguni. Amma tun ranar da muka taka tsaunukan Jos, muka ga baƙar jijiya ta tsaga farin giranit kamar an ja wuƙa, bakinmu ya mutu.

Narkakken dutse in ya huce sannu a hankali can ƙarƙashin ƙasa, ƙwayoyinsa su kan yi manya, shi ne giranit. In dutse mai aman wuta ya amayar da shi fili, ya daskare nan da nan, ƙwayoyin ba su ganuwa. To, akwai na tsakani, wanda ya kutsa cikin tsaguwar tsohon dutse kusa da doron ƙasa, ya tsaya nan. Baƙin dolarait ɗan wannan gida ne, haka kuma fofiri, wanda manyan ƙwayoyi ke warwatse a jikinsa kamar wake cikin shinkafa. Ido kaɗai ba ya raba su duka. Sai an yanka, an goge har kauri ya koma milimita 0.03, a sa ƙarƙashin madubi a ƙidaya ma'adinan ciki, sa'an nan a raɗa suna.

Me ya shafe mu? A 1911 Falconer ya nuna cewa giranit ɗin Arewa iri biyu ne, tsoho da sabo. Tsohon ya kai shekara miliyan 600, na Jos kuwa bai kai miliyan 200 ba. Kuza da kolumbait a jikin sabon suke, kuma sau da yawa zoben fofiri da ya kewaye tsauni shi ke nuna iyakarsa. Irin waɗannan zobba sun jeru tun daga Abzin a Nijar, ta Ririwai, har Afu. Kamfanonin Turawa sun karanta wannan alama, suka san inda za su kafa injinsu. Kakanninmu kuwa kwano suka ɗauka a ka.

Ga kuma ruwa. Jijiyar dolarait ta kan tare ruwan ƙarƙashin ƙasa kamar katanga, har rijiya ta cika a wannan gefe, ta ƙafe a wancan. Ya ku 'yan'uwa da kuka riga mu shiga ma'aikatu, ku ne za ku sa hannu a kwangilar burtsatse da takardar izinin haƙa. Da wane ido za ku karanta rahoton ɗan kwangila?

Laifinmu ne da muke haddacewa don jarrabawa, amma ba namu kaɗai ba. Ɗalibai da yawa sun gama ba su taɓa yanka dutse da hannunsu ba. Muna roƙon hukuma ta gyara injin yankan, ta ba mu mota zuwa Ririwai, mu zauna da tsofaffin 'yan kuza mu rubuta sunayen da su ke kiran duwatsun nan.