Gidajen Mbanga-Bakoko: masu cuta a haɗe suke, wanda aka cuta shi kaɗai ne

Duk wanda ya bi ta Yassa zuwa filin ƙwallon Japoma ya san dogayen benayen Mbanga-Bakoko. Gidajen gwamnati ne, na shirin gidaje dubu 10 da filaye dubu 50 da aka ƙaddamar a 2009, aka ce don mai ƙaramin ƙarfi. A zangon farko an tsara gidaje 1,675, wato 500 a Olembe ta Yaounde, 1,175 a nan Douala. Sama da shekara 15 ke nan. To, a shiga New Bell, a zaga Makea da Kongo, a tambaya: mutum nawa ne suka bar ɗakin haya mai yoyo suka koma can? Ba za ka gaji da ƙirga ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙofar gaba ta gidan gwamnati, ko na haya a hannun SIC ko na saye da bashin Crédit Foncier, takarda take nema: shaidar albashi, asusun banki, lamunin wurin aiki. Mai sayar da atamfa a Kasuwar Kongo ba ya da takardar albashi, haka mahauci, haka ɗan bensikin, ko da kuwa abin da suke samu ya fi na wani ma'aikacin. Ga kuma waɗanda ba za su taɓa bashi mai ruwa ba ko da an ba su. Sai mutanenmu su koma ƙofar baya, kuma a can dillali ne ke riƙe da makulli.

Ga yadda abin yake tafiya. Wani ya samu gida da sunansa a kan haya mai rahusa. Aka yi masa canjin wurin aiki, ko ya gina nasa, amma bai mayar da makulli ba. Sai ya ba wani haya a kan kuɗi ninki biyu ko uku, ko ya karɓi kuɗin makulli dunƙule guda. Dillali ya ci nasa. Wanda ya kamata ya duba ya kau da kai. Rasit kuwa yana ci gaba da fita da sunan mutumin farko. SIC da kanta ta sha kokawa a kan wannan haya cikin haya, domin yarjejeniyarta ta haramta shi. Amma ranar da rigima ta tashi, wa ake fitar wa da kaya waje? Wanda ke kwana a gidan, shi da ba sunansa a kan ko wace takarda. Mutum uku ko huɗu ne suka ci kuɗin, kowa ya gutsura kaɗan, ba wanda laifinsa shi kaɗai ya kai a bi shi har kotu.

Ba wai hukuma ba ta taɓa kama kowa ba. A 2006, cikin farautar da ake kira Epervier, an kama tsohon babban daraktan SIC, Gilles Roger Belinga, aka yanke masa shekara 35 a 2007. Tsohon shugaban Crédit Foncier, Joseph Edou, shi ma ya sha ɗauri. A 2011 aka kafa kotun musamman ta masu wawure dukiyar ƙasa, wadda ke duba abin da ya kai sefa miliyan 50 zuwa sama. Sai dai duk wannan a kan kuɗin gwamnati ne, kuma in an ƙwato, baitulmali yake komawa. Bazawarar da aka ci wa dubu 500 da sunan kuɗin makulli, ita wannan kotun ba tata ba ce.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, doka ba ta yi wa ɗan haya irin wannan sassauci ba. Kundin hukunta laifuka na 2016, sashe na 322-1, ya ce wanda ya yi hayar gida da yarjejeniya mai rajista, aka bi shi kuɗin wata biyu, aka yi masa gargaɗi ya cika wata guda bai biya ba bai tashi ba, ana iya ɗaure shi wata shida zuwa shekara uku. Wata biyu fa, jama'a! Majalisa ta samu lokacin ƙera wa talaka mari, amma ba ta ƙera masa sandar da zai kare kansa daga gungun da suka haɗa baki a kansa ba.

A Amurka akwai irin wannan sanda. Dokar RICO ce ta 1970, wadda aka yi ta tun farko don karya 'yan Mafiya. Tana da ɓangaren da ya ba mutum damar shigar da ƙara da kansa, ba sai ya jira mai gabatar da ƙara na gwamnati ba. In ya nuna cewa wasu sun mayar da zamba sana'a, aƙalla aikin laifi biyu cikin shekara goma, kuma dukiyarsa ta taɓu, kotu za ta ba shi ninki uku na asararsa, a kuma biya masa kuɗin lauya. Hikimar ita ce ana kallon sarƙar gaba ɗaya, ba zobe guda ba.

Amma kada mu ɗauko ta da ƙurarta. A can ma manya sun fi talaka amfani da ita. Gidajen rahusa da ake ginawa da rangwamen haraji tun 1986, da zarar sun cika shekara 15 sai ka ga masu zuba jari da ƙungiyoyin da suka gina su suna jan juna a kotu a kan wa zai mallaka, 'yan haya suna gefe 'yan kallo. Sunan ɗan damfara kuma makami ne: ana iya liƙa wa abokin gaba don ya tsorata ya sallama. Mu nan da shari'ar fili ke cin shekaru, in aka buɗe wannan ƙofa ga kowa, attajirai ne za su fara shiga.

Abin da nake ganin ya dace da mu ƙarami ne. A ba mazauna gidajen gwamnati da waɗanda suka biya kuɗin saye damar kai ƙara a ƙungiyance, da suna ɗaya da lauya ɗaya. Duk wanda aka samu yana cikin sarƙar, daga mai sunan rasit zuwa dillali zuwa ma'aikacin da ya rufe ido, kowannensu ya ɗauki nauyin biyan asarar dukanta, tare da ninki. Wanda kuma ya fito ya faɗi gaskiya cewa haya cikin haya yake zaune, a mayar da yarjejeniyar da sunansa maimakon a kore shi. Wannan na ƙarshen kaɗai ya isa ya rusa kasuwar, don tsoron kora ne ke rufe bakin kowa.

Kafin nan, akwai abin da ke hannu. Dokar shari'ar laifuka ta ba wanda aka damfara damar kai ƙara gaban alƙalin bincike, ya nemi diyya a cikin shari'ar kanta. Akwai kuɗin ajiya da ake biya, ga na lauya, shi ya sa mutum ɗaya ke ja da baya. Mutum goma da dillali ɗaya ya cuta kuwa, in suka haɗa kuɗi da hujja, maganar ta sake kama. Akwai kuma lambar CONAC, 1517, in da hannun ma'aikaci a ciki.

Sai dai a nan mu ma da namu. Wasu dillalan 'yan unguwa ne, tare muke sahu da su. In sun ci kuɗin mutum sai a kai magana gaban sarki ko liman, a ce a rufa asiri, ya mayar da rabi, a yi fatiha. Sulhu alheri ne, ba musu. Amma wanda aka yi wa sulhu sau biyar a kan abu ɗaya, gobe baƙon da ya sauko daga Garoua ko Kousseri zai tara, shi kuwa bai san komai ba. Ranka ya daɗe sarki, Allah ya gafarta malam, a buɗe littafi: duk sulhun da aka yi a kan kuɗin gida a rubuta sunan dillali da adadin kuɗi da rana. In sunan ya fito karo na biyu, a miƙa littafin ga lauya. Ita kuma SIC da ma'aikatar gidaje, su liƙa a ƙofar kowane bene na Mbanga-Bakoko sunayen waɗanda aka ba gidajen, don mai wucewa ya gwada su da waɗanda ke shanya kaya a baranda.