Milimita biyu da suka kashe mana kifi

Bara, da aka koma makaranta, na ci alwashin sai 'yan ajina sun ga kifi mai rai. A nan Bader Goula da yawansu banda kawai suka sani a cikin miya, sai kuma hoton littafi. Ba mu da kuɗin akwatin gilashi irin na birni, don haka muka yanke bakin wani tsohon duron roba. Kwamitin iyayen yara ya tara abin da ya sawwaƙa, ni kuma na tafi Maraɗi na sayo 'ya'yan tarwaɗa da bututun roba da famfo, don mu riƙa sauya ruwan idan ya gurɓace, wanda muka zubar kuma lambun makaranta ya sha.

Bututun a shago ɗaya na saye shi, famfon da mahaɗinsa a wani. Kowanne na ce masa "uku bisa huɗu", kowanne ya miƙo mini kayansa ba musu. Da muka zo haɗawa sai bututun ya shige mahaɗin yana rawa a ciki. Na shafa gam, na ƙara, na naɗe da robar tayar keke, na ce ya yi. Ranar Juma'a ce. Da muka dawo Litinin ruwan ya tsiyaye saura kaɗan, kifin kuma fiye da rabi sun mutu. Duk wanda ya san zurfin rijiyoyin ƙasar Dakoro ya san abin da ake nufi da asarar ruwa duro guda, balle wanda yara suka ɗebo da kansu.

Ban ga laifin masu shagon ba. Laifina ne, ni da nake koyar da awo shekara da shekaru amma ban taɓa auna bututu ba.

Ga abin da na gano daga baya. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, haka aka tsayar tun 1959. Ke nan uku bisa huɗu na inci milimita 19 ne da ɗan ɗoriya. Amma bututun da ake kira "uku bisa huɗu" a tsarin Ingila faɗinsa ta waje ya kusa milimita 27, domin sunan yana nuni ne da ramin ciki, shi ma ba daidai-wa-daida ba. Nawa kuwa na tsarin mita ne, mai lamba 25, kuma su irin waɗannan da faɗin waje ake kiransu: 20, 25, 32, 40, 50. A kasuwa an saba kiran mai 25 ɗin "uku bisa huɗu" saboda su ne makusanta. Suna ɗaya, kaya biyu, tsakaninsu kusan milimita biyu. Gam ɗin bututu ba siminti ba ne da zai cike rami. Narkar da fuskar robar yake yi su manne, to idan ba su taɓa juna ba me zai manne?

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne Faransawa. Su suka ƙirƙiro mita, suka yi mata doka tun 1795, suka kawo mana ita. Amma a haƙoran da ake murɗa famfo a kansu har gobe tsarin Ingila suke bi, wanda ya samo asali daga aikin Joseph Whitworth na 1841. Suna kawai suka sauya: rabin inci ya zama 15/21, uku bisa huɗu 20/27, inci ɗaya 26/34. Idan masu mitar ba su iya rabuwa da inci ba, mu da muke cin kasuwa da Jibiya da Katsina da Kano fa? Najeriya ta koma tsarin mita tun shekarun 1970, amma je ka sayi katako ko atamfa ka ji da me za a yi maka magana, ƙafa da yadi.

Shi ya sa nake ganin akwai gyara a yadda muke koyar da awo. Yaro ɗan aji shida zai zana maka jadawalin nan tun daga kilomita har milimita, ya riƙa tura waƙafi hagu da dama ba kuskure. Miƙa masa guntun bututu ka ce nawa ne faɗinsa, sai ya tsaya yana kallonka. Kalmar inci kuwa wataƙila a bakin mai sayar da waya ko mai faci ya fara jin ta, ba a aji ba.

Wani abokin aikina ya ce mini manhaja ba ta ce a koyar da inci ba, ba ya fitowa a jarrabawa, kuma yaran da ke fama da Faransanci kada a ƙara musu ruɗu. Maganarsa ta ƙarshe tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma ba cewa na yi a buɗe sabon darasi ba. Awa ɗaya ko biyu a shekara sun isa. Kuma yaran nan ai tuni suna rayuwa da awo iri biyu: a gida da tiya ake auna hatsi, a allo kilo muke rubutawa, ba wanda ya haukace. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba dukansu ne za su wuce sakandare ba. Wasu gareji za su tafi, wasu gini, wasu ci-rani a ƙetaren iyaka, inda za a aike su sayo kaya da sunan inci, in sun yi kuskure a cire a kuɗinsu.

Iyaye ma da nasu. Idan an kira mai gyaran famfo ko makaniken injin rijiya, a daina korar yara. A bar su su tsaya, su riƙe tef ɗin awo, su ji sunayen kayan.

Mu dai haka muka gyara namu. Na kawo bututun da mahaɗin cikin aji, na ba yara zare. Suka zagaya bututun da shi, suka shimfiɗa a kan rula, ya ba su kusan milimita 78 da rabi. Suka raba da 3.14, sai ga 25. Suka yi wa wani guntun bututun ƙarfe na uku bisa huɗu haka, zaren ya kai 84 da wani abu, ya ba su kusan 27. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe wannan 3.14 ɗin aiki take yi?"

Muka rubuta a takarda: mahaɗi mai baki biyu, ɗaya na gam mai lamba 25, ɗaya mai haƙori 20/27, da farin tef na naɗa haƙori. Muka yanki ɗan guntun bututun muka ɗaure da takardar, muka ba wani direba mai zuwa Maraɗi, muka roƙe shi ya gwada a gaban mai shago kafin ya biya. Ranar kasuwa ya dawo da shi. Tarwaɗa bakwai ne suka rage a lokacin, kuma su bakwai ɗin ne suka kai mu ƙarshen shekara.