Waiwaye: Daminar amai da gudawa, da allurar da aka ajiye

Duk wanda ya yi daminar 2021 a ƙasar Gwandu bai manta da ita ba. A shekarar ne kwalara ta bazu a jihohin Arewa, har hukumar NCDC ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a faɗin Najeriya, fiye da 3,000 kuma suka riga mu gidan gaskiya. Kebbi na cikin jihohin da abin ya taɓa. A ƙauyuka irin Cheberu, da zarar an ji wani ya yi amai sau biyu sai hankali ya tashi, a ce ta shigo. Tsoron yana da dalili, amma ya sa an riƙa kiran kowane amai da suna guda, alhali wani aman ba daga ciki ya taso ba.

Ɗan ƙanwata yana da shekara 15 a lokacin, kuma ya daɗe yana kan allurar insulin safe da yamma saboda ciwon suga. Ya kwana yana amai da 'yar gudawa, ko kunu ya ƙi zama a cikinsa. Da gari ya waye sai mahaifiyarsa ta mayar da kwalbar allurar cikin tulu, ba ta yi masa ba. Da yamma ma haka. Da na tambaye ta daga baya, cewa ta yi: "Yaya, bai ci komi ba tun jiya. In yi mashi allura suga shi faɗi, in ce mi?" Ba sakaci ta yi ba. Abin da aka gargaɗe ta da shi tun farko ke nan, kada a yi allura a zauna babu abinci, kuma ta riƙe shi da kyau. Ɗaya rabin maganar ne babu wanda ya zauna ya faɗa mata.

A dare na biyu leɓɓansa suka tsage, idanu suka faɗa, yana jan numfashi mai zurfi da sauri alhali yana kwance, bakinsa na fitar da wani wari mai ɗan zaƙi. Abin da ya fi ɗaure wa mutanen gida kai shi ne fitsari. Mai kwalara fitsarinsa ɗaukewa yake yi, shi kuwa yaron nan bini-bini sai an miƙa masa gwangwani. Aka sa shi a mota zuwa Birnin Kebbi. Da aka soki yatsarsa, na'urar awo ta kasa nuna lamba saboda sugan ya wuce iyakarta. Ya yi kwanaki ana masa ƙarin ruwa da insulin ta jijiya, Allah Ya sa da sauran kwana.

Ga rabin da ba a faɗa mata ba. Insulin ba don abincin da aka ci kaɗai ake yin sa ba. Hanta rumbu ce, tana ajiye suga, kuma in ciwo ya kama jiki sai ta buɗe ta yi ta zubawa cikin jini ko mutum bai sa komai a bakinsa ba. In babu insulin, wannan sugan ba zai shiga tsoka ba. Sai ya taru a jini, ƙoda ta yi ta fitar da shi tare da ruwan jiki, ga gudawa kuma na kwasar nata rabon. Jikin da ke jin yunwa a tsakiyar suga sai ya koma ƙona kitse, daga nan wani sinadari da likitoci ke kira kiton ya taru, ya mayar da jini mai tsami. Shi ke kawo ciwon ciki da ƙarin amai da wannan numfashi mai zurfi. Aman da aka ajiye allura saboda shi, rashin allurar ne ke ƙara hura shi. Kafin Banting da Best su samo insulin a Toronto ta Kanada a 1921, a fara yi wa wani yaro mai shekara 14 a watan Janairun 1922, ta wannan hanya yara masu irin wannan ciwon suke mutuwa.

Fargabar ƙanwata ma gaskiya ce. Amai da gudawa kan sa suga ya faɗi, musamman ga yara, kuma musamman ga masu yin allurar nan mai farin ruwa da aka gauraya mai saurin aiki da mai jinkiri a kwalba guda. Shi ya sa a ranar ciwo akan rage adadi wani lokaci, wani lokaci kuma a ƙara, amma ba a dainawa ɗungurungum. Awo ne ke raba gardama. A soki yatsa duk bayan awa 2 zuwa 4, har da tsakar dare. In suga ya sauka ƙasa da 70 a ba mara lafiya ruwan suga nan take. In ya haura 250 ya ƙi saukowa, ko amai ya hana ko ruwa zama, ko ya fara magagi, to zaman gida ya ƙare, sai asibiti, ko da ƙarfe 2 na dare ne. Nawa za a rage, nawa za a ƙara, wannan tambaya ce da ake yi wa likita ranar da ake lafiya, a rubuta a takarda a ajiye kusa da allurar. Tun ran gini ran zane.

Na sha jin ana hana mai ciwon suga ruwan gishiri da suga, wai zai kashe shi. Cokalin shayi 6 na suga da rabin cokali na gishiri ne a lita guda ta tafasasshen ruwa, ko ƙunshin ORS na kemis, ana kurɓa kaɗan-kaɗan. Bushewar jiki ta fi wannan ɗan sugan haɗari nesa ba kusa ba. In tuwon shinkafa ya gagara, a gwada koko mai ruwa-ruwa, cokali bayan cokali, domin allurar ta sami abin da za ta yi aiki a kai.

Dattawanmu masu shan ƙwaya nasu lissafin daban ne. Metformin akan dakatar da shi in gudawa ta busar da jiki, saboda ƙoda na cikin wahala a lokacin. Glibenclamide kuwa yana iya jefar da suga ƙasa warwas in ba a ci abinci ba. Wasu magungunan hawan jini, musamman masu sa fitsari, su ma akan ɗaga musu ƙafa har jiki ya dawo. Wannan ma a tambaya tun da wuri.

Na san tsinken awo da tsada, kuma gidaje da yawa a Cheberu da kewaye sai sun zaɓa tsakaninsa da kwalbar allura. Shawarata ita ce a ware ko guda 10 a rufe, a ce waɗannan na ranar ciwo ne, kada a taɓa su. Allurar kuma a bar ta a inuwa cikin leda a jikin tulu mai sanyi, domin zafin watan Afrilu a Kebbi na wuce digiri 40, kuma insulin da ya dahu ba ya aiki yadda ya kamata.

Manyan asibitocinmu, na Sir Yahaya da na Tarayya a Birnin Kebbi da kuma na Kalgo, suna da masu sanin wannan ciwo. Amma mara lafiya daga ƙauye ba can yake fara zuwa ba, ɗakin shan magani na kusa ko kemis yake fara tsayawa. Roƙona ga ma'aikatan waɗannan wurare shi ne, duk wanda aka kawo yana amai, babba ko yaro, a tambayi masu jinya ko yana da ciwon suga, a tambayi yaushe aka yi masa allura ta ƙarshe, a kuma soki yatsarsa kafin a rataya masa ledar ruwa. Wasu yaran ma da irin wannan aman ciwon suga ke fara bayyana a jikinsu, iyayensu ba su taɓa jin sunan insulin ba.